Anti Babu, Mai Ƙirga Ungulu

A gyara zama. Mai tari ya yi abinsa tun yanzu, mai goyo ta lallashi nata, domin ga ta nan tafe: uwar ɗakin zare da allura, gimbiyar maɓalli da zif, mai mulkin shagon da ya fi kowane shago ƙunci a layin teloli, wadda in ta ware hannuwa biyu sai ta taɓa iyakar ƙasarta gabas da yamma. Ita ce macen da ta fi kowa a garin nan daɗewa tana kallon sama, ba don hadari ba, ba kuma don jirgi ba. Sunanta na gaskiya yana nan, amma ko ita in an kira ta da shi sai ta waiwaya ta ga da wa ake. Kowa Anti Babu yake ce mata.

Kun dai san halin masu shago. Ka tambayi mutum abin da ba shi da shi, ba zai taɓa buɗe baki ya ce maka babu ba. Zai ce yanzun nan wani ya ɗauke na ƙarshe. Zai ce kaya na kan hanya, motar ce ta yi faci. Ko ya ce ka zauna bari a duba sito, alhali siton nasa shagon maƙwabci ne. Anti kuwa, ka ce mata, "Akwai dogon zif ruwan toka?" ko kai ba za ta ɗaga daga zaren da take warwarewa ba.

"Babu."

"Ko a ciki?"

"Nan ne cikin."

"To yaushe zai zo?"

"Ban sani ba. Je shago na uku, ka ce ni na aiko ka."

Baƙo yakan fita yana gunaguni, wai matar nan ba ta son ciniki. Teloli kuwa sun fi yarda da ita a kan agogonsu, don in ta ce akwai, to ka je ka yanka yadinka. Sai dai ba a kasuwa ta koyi wannan kalma ba. A kan matakalar tankin ruwa ta koye ta, tana 'yar makaranta, ido a kan rufin mayanka.

Mahaifinta mahauci ne. Ran Asabar ita ke kai masa abinci wurin aiki, ta tsallake kwata, ta raɓa bango saboda ruwan wanki, ta ajiye kwanon a kan benci nesa da ƙudaje. A wancan zamani in ka ɗaga kai ba ka ganin kwanon rufin, sai ungulaye. Sun jeru kafaɗa da kafaɗa, wuya a noƙe, kamar dattawan da aka kira taro aka manta da su. Mahauta na zaginsu, suna jifansu da ƙashi, amma a watsar da tarkace a bayan gini, kafin ka wanke wuƙa sun share wurin tas. Ba wanda ya taɓa tunanin ƙirga su. Wa zai ƙirga ungulu? Ai sai ka ce an ce a ƙirga ƙudajen.

Sai ga Malam Tsuntsu. Ba a kiransa haka a gabansa. Shi ne mai kula da ɗakin tsuntsaye a gidan tarihi, tsohon ginin nan mai sanyi da ke bayan gidan waya, inda wani zaki da aka cusa wa auduga yake gadin ƙofa da idon gilashi ɗaya, ɗayan ya faɗi tun kafin a haifi mai shara. Malam siririn mutum ne mai dogon wuya, in yana sauraronka sai ya karkata kai gefe guda, shi ya sa sunan ya zauna. Ya zo makarantarsu ya ce yara masu ido yake nema, ba masu ƙwaƙwalwa ba. Masu ƙwaƙwalwa yana da su a ofis, kuma sun ishe shi. Anti ce ta fara ɗaga hannu. A lissafi ita ce ta biyu daga ƙasa, ta ƙarshen ma don ba ta da lafiya ne ranar jarrabawa.

In za a faɗi gaskiya, yawancin yaran fanka ce ta kai su, da ruwan sanyi. Akwai firji a ɗakin baya inda ake ajiye matattun tsuntsaye kafin a gyara su. Ƙasa nasu ne, sama na goran ruwa, kuma ba a taɓa jin wani ya yi ƙorafi ba, daga sama har ƙasa.

Malam ya raba musu gari kamar gado. Dogo, ɗan mai gyaran keke, aka ba shi babbar bola. Gajera, ƙawar Anti, aka ba ta bayan kasuwa. Wasu bakin rafi, wasu manyan itatuwan asibiti. Anti kuwa, tun da 'yar gida ce, aka ba ta mayanka. Dokar ba ta da yawa, amma ba a taɓa ta. Wuri ɗaya za ka tsaya, kowace Asabar, daga lokacin da mahauta suka fara wanke daɓe har su gama. Ka fara daga hagu ka ƙare a dama. Na zaune tukuna, sannan na sama. Wadda ta tashi ta zaga ta sake sauka ba baƙuwa ba ce, kada ka yi mata maraba sau biyu. Ya rataya mata wani tsohon madubin hangen nesa da aka ɗaure da igiyar takalmi, ya nuna mata matakalar ƙarfe ta tankin ruwa, daga inda ake ganin rufin gaba ɗaya.

A kan wannan matakala Anti ta yi karatun da aji ya kasa cusa mata. Da ta ga ƙirga ɗai-ɗai yana ruɗa ta in tsuntsayen suna motsi, sai ta fara ɗibarsu biyar-biyar da ido, ta riƙe adadin tarin a yatsu. Ranar da Malam ya ce mata abin da take yi shi ne lissafin sau ɗin nan da ake dukanta a kai a aji, sai da ta ji haushi, don me ba a faɗa mata tun farko cewa da ungulu ake yi ba? Ta koyi bambanta yarinya da tsohuwa ta launin kai. Ta gano ba sa tashi sai ƙasa ta yi zafi, don iskar da ke hawa ce ke ɗaga su kyauta, su ba sa son wahalar fiffike. Ta faɗa wa Malam haka, ya ce in ta je gida ta duba ko akwai irinsu a cikin 'yan'uwanta maza.

Da rana sai a haɗu a ɗakin baya. Dogon tebur, warin kafur, taswirar gari a bango, fanka na juyawa tana ƙara kamar za ta faɗo amma ba ta faɗowa. Kowane wuri da kwalbarsa ta kowane wata, ga kwandon tsakuwa a tsakiya: tsakuwa ɗaya, ungulu ɗaya. Yaro ya miƙe, ya faɗi abin da ya gani, ya zuba tsakuwarsa ɗai-ɗai kowa na ji. Ƙarshen wata Malam ya rufe kwalba, ya manna mata takarda, ya ɗora a kan kanta. In adadin ya yi yawa, fuskar Malam sai ta buɗe, ya tafa hannu ya ce, "Madalla! Madalla da ke!" In kaɗan ne, sai ya karkata kai ya ce, "Hmm. To." A nan ɓarakar take, amma ba wanda ya lura, har shi.

Ungulaye suka fara raguwa. Ba rana ɗaya ba, a hankali, kamar gashin kan Malam. Su kuma yaran nan duk 'ya'yan masu awo ne da masu yanka da masu kasa kaya a tire. A gidajensu an san cewa in ka auna wa wanda kake ganin girmansa, ba ka miƙa masa haka nan ƙeƙas, sai ka ɗora masa gyara. Mahaifin Anti bai taɓa sallamar mai saye ba tare da ya jefa ɗan guntu a kai ba. To ga Malam, mutumin kirki, ya ba su fanka da ruwan sanyi, sai a kawo masa ungulu biyu tal a dube shi? Shi ya sa kafin a shiga, sai a tsaya a gindin itacen bakin ƙofa a daidaita.

"Nawa ka samu?"

"Biyu."

"Haba Dogo, biyu za ka kai wa bawan Allah? Ɗora masa uku, ka ga makon jiya mura yake yi."

Ba wanda ya ɗauke ta ƙarya. Gyara ce. Anti ma tana ɗora ɗaya, wani lokaci biyu in Malam ya yi kama da wanda bai karya ba. Kwalabe suka ci gaba da cika, rufi na ci gaba da yin fili.

Har wata Asabar ta hau matakala ta sa madubi, ta bi rufin daga hagu zuwa dama, ba ta ga komai ba sai tsatsa da farin kashin da suka bari. Ta goge gilashin da gefen riga, ta sake bi. Ta dubi sama har wuyanta ya ƙage. Mahauta suka gama wanki suka kife bokitai, ita ba ta sauko ba sai da mahaifinta ya kira ta.

"Nawa yau, 'yar Malam?"

"Baba, ko ɗaya."

"Ki ce masa huɗu."

"Ban gani ba fa."

"Ke! So kike a ji a gari cewa mayankarmu ko ungulu ta raina ta? Ki ce huɗu, masu ƙiba."

A gindin itace Gajera ta ce za ta ara mata uku daga nata, tun da nata ɗin ma rabinsu na aro ne. Anti ta shiga da niyyar cewa huɗu. Tsoronta ɗaya, kada Malam ya ce ba ta je ba ne, ya karɓe madubin ya ba wani, ta koma 'yar kai abinci kawai. Amma da ta miƙe ta sa hannu a kwandon tsakuwa, sai jinin mahauta ya motsa. Gyara a kan abu ake ɗora ta. Wa ya taɓa ganin an ba mutum gyara bai sayi komai ba? Ta zare hannunta.

"Babu, Malam."

Ɗaki ya fashe da dariya. Malam ya karkata kai.

"Babu kamar yaya? Makara kika yi?"

"Tun kafin a ɗebo ruwan wanki ina sama."

"Makon jiya shida kika ce."

"Huɗu ne, Malam. Biyun gyara ce."

Gajera ta mintsine ta ta ƙarƙashin tebur, amma magana ta riga ta fita. Malam ya maimaita kalmar a hankali, kamar yana ɗanɗana ta. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, shi ma daga hagu zuwa dama.

"Dogo, kai ma kana yi mini gyara?"

"Kaɗan-kaɗan, Malam. Ai don muna ganin girmanka ne."

"Tun yaushe ake ganin girman nawa?"

Da aka faɗa masa, sai ya nemi kujera. Ya cire tabarau, ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Ku ji nan, 'ya'yan 'yan kasuwa," ya ce, "ni ba nama nake saye ba." Sannan ya miƙe ya dinga sauko da kwalabe daga kanta, duk waɗanda aka cika tun da aka fara ganin girmansa, ya sa yaran suka ɗauka zuwa tsakar gida. Da hannunsa ya buɗe su ɗaya-ɗaya ya zazzage a gindin famfo. Anti ta ce har yau in mai gini ya juye tsakuwa a layi, sai ta ji abin a ƙirjinta. Aikin Asabar ɗinsu ne na watanni da watanni, da ƙirgen gaskiya da gyara duk a cakuɗe, ba mai iya tsince wannan daga wancan.

Da suka koma ciki, ya ɗauko kwalba wadda ba komai a ciki, ya rufe ta, ya manna mata takarda ya ɗora a kan kanta.

"Wannan ma ƙirge ne," ya ce. "Laifina ne, ni nake tafa wa mai yawa." Ya dubi Anti. "Madalla da ke." Amma muryar irin ta wanda aka yi wa rasuwa ce yake amsa gaisuwa.

Kafin ta kai gida sunan ya riga ta isa.

Shekaru suka yi ta wucewa ta gefen matakalar nan. Anti ta gama makaranta da sakamakon da ba a ratayewa a bango. Ta yi aiki a shagon wata mai sayar da yadi, ta fita ta kama nata ɗan lungun. Ta auri wani mai walda mai sanƙo da yawan barkwanci, wanda duk Asabar in ya ga ta rataya madubi sai ya ce, "Za a je gaishe da dangi ne?" Ita kuma ta ce, "Naka ne ai, shafa kanka ka ji." Ta hau matakalar da ciki, ta hau da goyo, ta hau ranar da aka sa wa mayanka sabon rufi mai ƙyalli wanda ko kurciya sai ta yi shawara kafin ta sauka. Dogo ya zama direban babbar mota, yakan kira ta daga wata uwa duniya ya ce, "Na ga uku a bakin hanya, wallahi ba gyara." Gajera ta zama ma'aikaciyar jinya, ta ce yanzu in ta ɗora wa likita ɗaya a kan awon zazzaɓi sai a kore ta. 'Yan ɗakin baya suka watse ɗaya bayan ɗaya, saura Anti.

Yawancin Asabar babu ce. Wata shekarar ungulu ɗaya takan ratso, ta zauna a gefen rufin kamar wadda ta dawo tsohuwar unguwa ta tarar an sayar da gidan. Wata shekarar ko ita. Malam ya yi ritaya, ya tsufa, ya koma kan tabarma a soron ɗansa. Anti takan biya ta gaishe shi, kafin ta gama durƙusawa ya ce, "Nawa?" Ta ce, "Babu, Malam." Ya ce, "Madalla." Sannan a shiga zancen yara. Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya bai daina tambaya ba.

Abin da ciki da goyo suka kasa, gwiwa ce ta yi. Ta fara da ƙara, ta koma kumburi, har ranar da Anti ta kai tsakiyar matakala ta kasa gaba ta kasa baya, sai da mahauta biyu suka sauko da ita kamar buhu, ɗayansu jikan abokin mahaifinta ne, yana cewa, "Anti, a hankali, ba ma so a ce mun fara sayar da naman mutum."

Gidan tarihi ma ya sake. An yi wa zaki sabon ido, ya koma kamar mai mamaki. Kwalaben suna cikin akwatin gilashi ana nuna wa baƙi. Mai riƙe da aikin yanzu wata matashiya ce da ake kira Malama Ƙarama, mai saurin tafiya da saurin magana, kuma yaranta da waya suke ƙirge, su ɗauki hoto su tura, duk abin da ke da fiffike har da malam-buɗe-littafi. Ita ta zo shago da kanta, ta zauna a kan kwali.

"Anti, wurinki ya fi kowane wuri tsufa a wajenmu. Amma in ba mai tsayawa, dole mu rufe shi. In aka samu giɓi mai tsawo, ƙirgen baya da na gaba ba sa haɗuwa."

Mai sayar da zare ba sai an yi mata bayanin abin da ya tsinke ba. Anti ta ce za ta zo ta nemi magaji da bakinta.

Ta je ran Asabar, tana dogara lema. Malama Ƙarama ta gabatar da ita da labarin nan kaf, da gyara da kwalbar da ba komai a ciki, ta ce wannan ita ce matar da ta koya wa gidan nan darajar cewa babu. Yara suka tafa, wasu suka ɗauki hoto da ita. Amma da aka ce wa zai karɓi mayanka, sai kowa ya tuna da wayarsa.

"Anti, me za mu ƙirga a can? Kusoshin rufi?" in ji wani.

"Ni hotona sai an ga tsuntsu a ciki ake dannawa," in ji wata.

Sai wata yarinya da ta shigo a makare, wadda ake kira Rediyo don ba a taɓa samun inda ake kashe ta ba, ta ɗaga hannu.

"Ni zan je. Bayan gidanmu ne. Kuma an kore ni daga rafi, wai surutuna na korar tsuntsaye. Can dai ba abin da zan kora."

Asabar ta gaba suka tafi tare. Anti ta rataya mata madubin, ta karanta mata doka, ta zauna a kan kifaffen bokiti a ƙarƙashin rumfar da ke gindin tanki, inda ba a ganin rufi ba a ganin sama. Rediyo ta haye kamar biri, tana watso labarai daga can: rufin na da zafi, wancan mahaucin ya yi kama da malaminsu na tarihi, wayarta ta kusa mutuwa, wai Anti da gaske a nan kika yi ƙuruciyarki, ba ki taɓa gajiya ba? Mahauta na ta watsa ruwa suna turawa da tsintsiya. Can sai tashar ta ɗauke. Shiru.

A daidai lokacin wata inuwa ta ratsa jiƙaƙƙen daɓen, mai faɗi, ba ta kaɗawa, ta hau bango ta wuce. Anti ta san wannan inuwa kamar yadda ta san tafiyar mijinta a bakin ƙofa. Ta yunƙura, gwiwa ta ce ba da ni ba. Kafin ta dafa lema ta fito daga rumfar, ba komai sai sama fetal.

Aka kife bokitai. Rediyo ta sauko, ta gyara tsayuwa kamar mai karɓar kyauta.

"Nawa?" in ji Anti.

"Babu, Anti."

Ta faɗe ta da kyau, a fili, har da ɗan ɗaga haɓa, ta tsaya tana jiran a yaba mata. Anti ta dube ta, sai ta ga ashe ita kanta ce yanzu take tafa hannu kamar Malam a da. An ɗauki shekaru ana gaya wa yara cewa wannan matar babu take so, to ga shi an kawo mata, har da gyara.

"Me ya kashe rediyon ɗazu?"

"Ba komai. Numfashi nake yi."

"Ke kina numfashi? Me ya wuce ta kanki?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar madubi. "Wani abu ne. Kafin in ɗaga waya ta mutu. Kuma Anti, ranar farko in zo in ce na gani? Ke shekara nawa ba ki gani ba? Kowa cewa zai yi Rediyo ce, ta fara. Ƙila ma shirwa ce."

"Ƙila. Faɗa mini abin da idonki ya gani, ban da abin da kike tsammani. Wutsiyar?"

"Gajeriya. Ba ta rabu biyu ba."

"Fiffike?"

"Faɗi, kamar an shimfiɗa katako. Ƙarshensa kamar yatsu a buɗe. Ko sau ɗaya ba ta kaɗa ba, wallahi kamar an biya mata kuɗin mota."

"Kai fa?"

"Ƙarami. Tsirara. Mummuna, Anti, kada ki ji haushi."

Anti ta koma kan bokitinta a hankali. Ta daɗe tana kallon daɓen inda inuwar ta bi, ruwa na ta gangarawa kwata.

"Ɗaya ce," ta ce. "Ki ce ɗaya."

"In ba su yarda ba fa?"

"Ba aikinki ba ne su yarda. Kada ki ƙara, kada ki rage, ko don ni, ko don Malama, ko don uban kowa."

A ɗakin baya Rediyo ta miƙe ta ce ɗaya. Wani ya ce, "An kama tasha!" aka yi dariya. Malama Ƙarama ta ce ina hoto, aka ce waya ta mutu. Ta sa yarinyar ta sake zayyano wutsiya da fiffike da kai, ta juya ta dubi Anti.

"Ni inuwa kawai na gani," in ji Anti. "Ki sa haka. Ita ta ga tsuntsuwa, ni na ga inuwa, hoto babu."

Haka aka sa. Malama ta tambayi Rediyo ko za ta koma mako mai zuwa, ko da kuwa ba za ta sake ganin komai ba har ta yi furfura. Yarinyar ta ce za ta koma, amma a saya mata abin cajin waya, kuma a gaya wa mahaucin nan ya daina kiranta 'yar ungulu. Wurin mayanka ya zauna, ba a rufe shi ba.

Ran Litinin, ɗan ƙanwar Anti, wani mara zama wuri ɗaya da ke yini a shagon yana tattara waɗannan labarai, ya miƙe tsaye a ɗan filin da ke tsakanin kanta da ƙofa, ya dafa ƙirji ya ce, "Anti, kin san abin da kika yi kuwa? Gado kika miƙa. Daga Malam zuwa gare ki, daga ke zuwa zamani mai zuwa. Irin wannan a littafi ake sawa."

Anti na ƙoƙarin zura zare a allura, ido ɗaya a rufe.

"Wane irin gado? Gwiwata ce ke ciwo. Ɗaga ƙafarka, kana taka mini lastik."